Ayari ko Kaɗaici: Waiwaye a Kan Hanyar Khartum

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, akwai wani fili a bakin Shuɗin Nilu, a tsakiyar Khartum, inda baƙi masu yawon ganin duniya suke yada zango. Kulob ne na masu wasan kwale-kwale, ana kiransa Blue Nile Sailing Club, ofishinsa kuwa wani tsohon jirgin ruwan yaƙi ne mai suna Melik, ɗaya daga cikin waɗanda Kitchener ya zo da su yaƙin Umdurman a 1898. Ambaliya ce ta tura shi kan tudu, ya zauna daram. A gindinsa ake ganin Land Cruiser da Land Rover masu tanti a saman rufi, da manyan motocin da aka mai da bayansu ɗaki har da gado da murhu, da babura, wani lokaci har da keke. Masu su yawanci Turawa ne da suka taso daga Alƙahira suka nufi Cape Town, ko suka fito daga can za su arewa. In an zauna shayin dare, hira takan tsaya a kan abu guda: gobe kowa ya kama gabansa ne, ko a jera mota biyu ko uku har iyakar Habasha?

Mai son tafiya shi kaɗai yana da hujjarsa: ya tashi sa'ad da ya ga dama, ya tsaya inda ya yi masa, ba mai yi masa gunaguni. Mai son rakiya ma yana da tasa: in mota ta kafe a rairayi, akwai wadda za ta ja ta. Sai dai duk cikinsu babu wanda ya kai mutanen da ke zaune kilomita kaɗan daga wurin sanin nauyin wannan tambaya. A kudancin Khartum akwai unguwar da aka daɗe ana kira Ishash Fallata, kafin a tashe ta a matsa da mutanenta gaba. A tsallaken Farin Nilu kuma, cikin Umdurman, akwai zuriyar Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda kakanninsu suka tako da ƙafa daga Kano da Sakkwato da Kukawa. Kakannin nan sun yi wannan lissafi tun tuni, kuma a zamaninsu kuskure a cikinsa rai yake ci.

Daga Kano zuwa Mugran, inda kogunan Nilu biyu suka haɗu, ya haura kilomita 2,500 ko da tsuntsu ne ya miƙe. Mutum kuwa ba ya miƙewa. Sai ya bi ta Borno, ya haye kogin Shari, ya ratsa Wadai ta Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinaina, ya wuce Fashir, ya faɗa rairayin Kordofan ta Nuhud har Al-Ubayyid. Daga nan sai Nilu, daga Nilu sai Sawakin, sannan jirgin ruwa ya haye da shi Bahar Maliya zuwa Jidda. Manyan sarakunan da, irin su Mansa Musa a 1324, Sahara suka keta zuwa Masar da raƙuma da dukiya. Hanyar gabas ta talaka ce, don ana iya bin ta da jaki ko da ƙafa, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago a ci gaba. Wanda zai kama ta yakan biya bashin da ake bin sa, ya yi wasiyya, ya bi gida-gida neman gafara, saboda shi da masu rakiyarsa duk sun san ba lallai a sake ganawa ba.

Bahaushe bai rasa tsarin tafiya mai nisa ba. Fataken goro na hanyar Gwanja sun riga sun kafa shi: madugu uban tafiya, shi ke yanke inda za a kwana da ranar da za a tashi, jagaba yana gaba yana duba hanya da ruwa, uban dawaki yana tara kuɗin fiton da za a biya masu ƙasa, malamin ayari yana riƙe da alƙalami da addu'a. Mahajjata sun ari wannan tsari suka nufi gabas da shi, ga kuma koyarwar malamai cewa matafiya ko uku ne su naɗa wa kansu shugaba. Amfanin ayari da ake fara faɗa shi ne tsaro, kuma gaskiya ne. Ƙasar da ke tsakanin Tafkin Chadi da Nilu ba ta san kwanciyar hankali ba: sai a 1900 aka kashe Rabeh a Kuseri, sai a 1909 Faransawa suka ci Abeshe, Darfur kuma tana hannun Sarki Ali Dinar har 1916. Mutum guda da sanda da gora a irin wannan daji, bawa ne kawai da ba a riga an kai kasuwa ba.

Sannan ga ƙishirwa. A yankin Nuhud, inda rijiyoyi suke da nisa da juna, mutanen ƙasar kan rarake cikin kuka su cika da ruwan damina, kowace bishiya da mai ita, ba a sha sai da izini ko da kuɗi. Ayari yana da bakin da zai yi ciniki. Baƙo tilo, wanda ba ya jin Larabci sai na Fatiha, sai abin da aka ga dama aka yi da shi.

Amma akwai wani amfanin da ba a cika ambata ba, wanda watakila ya fi tsaro muhimmanci ga mutanen wancan lokaci. Abokin tafiya shaida ne. In ajali ya riski mutum a ayari, akwai masu yi masa wanka da salla, akwai wanda zai riƙe sunan garin da aka binne shi, kuma ko bayan shekara biyar ne labari zai koma gida, matarsa ta yi takaba, a raba gadonsa. Wanda ya mutu shi kaɗai a tsakanin Abeshe da Fashir ya bar iyalinsa a rataye: ba shi a raye, ba shi a mace. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace sai ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Saboda haka mai neman ayari ba kansa kaɗai yake yi wa tanadi ba, har da waɗanda ya baro.

Duk da haka ba a taɓa rasa masu tafiyar kaɗaici ba, ko masu tafiya biyar-shida. Wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, da ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin a 1814, tun kafin a kafa Khartum, ya tarar da mutanen Afirka ta Yamma a hanya cikin ƙananan ƙungiyoyi, ba su da kaya sai ɗan abin da suka rataya, suna ci da rubutun laya da sadakar mutane. Irin waɗannan gardawa ne, samari marasa iyali. Sun fi kowa sauri, don ayari da ƙafar mafi rauni a cikinsa yake tafiya. In mace ta haihu, sai an tsaya suna. In tsoho ya kwanta, sai an jira ya tashi ko ya cika. In damina ta faɗi, sai a roƙi gona a yi shuka, kaka ta yi a ce bari a sayar, kafin a ankara wata daminar ta zo. Haka hajjin ƙasa yake cin shekara uku, ko bakwai, ko ya ci rayuwar mutum ɗungurungum.

Ɗaya daga cikin manyan ayarin da suka taɓa bin wannan hanya ma bai isa Makka a matsayin ayari ba. Bayan Nasara sun ci Sakkwato a Maris ɗin 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. An kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen zuwa gabas, bayan 'yan shekaru suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Abin mamaki, Nasaran da suka gudo wa su suka tarar suna mulkin Nilu, kuma waɗannan suna neman hannayen aiki ido rufe, don yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadi sun rage mutanen ƙasar. Aka ba su wurin zama. Garin ya zama masauki ga duk wanda ya biyo baya, haka ma unguwannin Takari da suka tsiro a Jinaina da Nuhud da Al-Ubayyid da Kosti da Madani da Gadarif.

A nan ne lissafin ya juya. Gardin da ya taso shi kaɗai a shekarun 1930 yana iya yin tutiya da cewa bai bi madugun kowa ba, amma kowane dare a gidan wani tsohon ɗan ayari yake kwana, wanda ya tsaya hutun damina ɗaya shekara ashirin da suka wuce bai sake ɗaura kaya ba. Shi zai ba shi tuwo, ya gaya masa rijiyar da ta ƙafe, ya haɗa shi da wanda zai ba shi aiki a gari na gaba. Ayarin da ya kasa kaiwa Makka shi ya shimfiɗa wa mai tafiyar kaɗaici hanya.

Ƙarfe ne ya fara tsinka ayari. A 1912 jirgin ƙasa ya fara aiki har Al-Ubayyid, ya haɗa ta da Kosti da Khartum da gaɓar teku. Tikitin jirgi kuwa bai san madugu ba, kowa da nasa. Mutanen da suka sha ruwa a gora ɗaya tun daga Borno sai su rabu a tasha: mai kuɗi ya hau, marar kuɗi ya nemi aiki. Aikin kuma yana jira. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar aka buɗe gonakin auduga na Jazira, tsakanin Nilu biyu, kuma mutanen Yamma suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shuka da tsinka. Wasu suka gangara Khartum da Umdurman suka kama wanzanci, da ga-ruwa, da dako, da ɗinki, da su a kogi, mata suna sayar da gyaɗa. Naman agashe da 'yan Khartum suke layi a kansa da daddare, da ƙuli da yajinsa, daga hannun waɗannan mutane ya shiga ƙasar.

Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna da zuriyarsu a ƙauyukan Jazira ya fitar da littafi a 1995. Abin da ya tarar yana da ban tausayi da ban sha'awa: jikoki da tattaɓa-kunne, waɗanda aka haifa a Sudan, ba su taɓa ganin Najeriya ba, ba su taɓa ganin Makka ba, amma in ka tambaye su sai su ce a hanya suke. Da yawa ba sa yin ginin dindindin, don matafiyi ba ya gini. Bashin noma yana cin abin da suka tara kowace kaka. Doka ma ba ta taimaka ba: ƙa'idar zama ɗan ƙasa da aka kafa a 1948, aka sake tabbatarwa a 1957 bayan samun 'yancin kai, ta nemi mutum ya nuna asalinsa yana ƙasar tun ƙarshen 1897, alhali mafi yawan mutanen Yamma bayan nan suka zo. Mai saurin yanke hukunci zai ce zaman jama'a ne ya riƙe su, da kowa ya yi ta kansa da ya isa. Watakila. Amma wanda ya yi ta kansa ya isa gaɓar teku ba kuɗin jirgi, ba takardar rigakafin da ake nema a Sawakin, sau da yawa a hannun masu kwale-kwalen sata yake ƙarewa, su haye da shi cikin dare su zubar a inda suka ga dama. Labarin waɗannan ba ya shiga littafi, don ba wanda ya tsaya ya ƙirga su.

Zamanin mota ya zo da wani irin ayari. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai ta ƙasa, WAPA, wanda sunansa ya rage a Fagge inda ake canjin kuɗi. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni, in an yi sa'a ta makonni. Da rani ake yin ta, don da damina laka takan rufe hanyar Chadi. A ɓangaren Sudan sarauniyar hanya ita ce Bedford, wadda makanikan Umdurman da Al-Ubayyid da Shandi suke warwarewa su ƙara mata ƙarfi da tsawo har ta ɗauki ninkin abin da masu ƙera ta suka tsara. Direbobi suna kiranta Sifinja. Ita ke tasowa daga kasuwannin yammacin Umdurman, su Suk Libiya, da sukari da shayi da atamfa, fasinja a saman kaya, ta keta rairayi kwana da kwanaki zuwa Darfur. Ba kwalta, ba alama, sai sawun tayar wanda ya riga ka. In ta kafe, yaran mota su dira da faranta na ƙarfe su cusa ƙarƙashin taya, fasinjoji su sauko su tura. Direba mai hankali ba ya shiga wannan daji sai ya san akwai wata motar a gabansa ko a bayansa.

Abin da ya canza shi ne, abokin tafiya ba zaɓensa ake yi ba yanzu. A ayarin ƙafa mutum ya san uban kowa. A bayan Bedford kuwa, wanda ya biya kuɗi ya hau shi ne ɗan'uwanka har a sauka, ko Bazagawe ne ko Balaraben Kordofan. Zumuncin ya fi gajarta, amma ba ƙarya ba ne: wanda kuka tura mota tare da tsakar rana ba ya cin gurasarsa ya hana ka.

Jirgin sama ma sawun mahajjata ya bi. Lokacin da kamfanin Imperial Airways ya buɗe layin Khartum zuwa Kano a 1936, tashoshinsa su ne Al-Ubayyid, Fashir, Jinaina, Abeshe, Fort Lamy da Maiduguri, wato zangunan da masu jaki suka sani. Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955, kuma daga nan gwamnati ta ƙara sa hannu a harkar alhazai. Yaƙin basasar Chadi, wanda ya faro a tsakiyar shekarun 1960, ya sa hanyar ƙasa ta ƙara haɗari, kuɗin man fetur kuma ya sa kujerar jirgi ta zo hannun manomi da ɗan kasuwa. A 1977 alhazan Najeriya sun haura 100,000. Ayari bai mutu ba, gwamnati ce ta zama madugu, da yunifom da Amirul Hajji da jakar hukuma. Sudan dai ta koma ƙasar da ake wucewa ta samanta ana barci.

Hausawan da suka ci gaba da zuwa Khartum bayan nan wasu iri ne: ɗalibai, musamman a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da kwalejojin likitanci, 'yan mata a Jami'ar Ahfad ta Umdurman, 'yan kasuwa, masu neman magani. Yaro ɗan shekara sha takwas ya taso daga Kano shi kaɗai da akwati da waya, kafin la'asar yana cin ful a Khartum. A cikin ƙasar ma kwalta ta miƙe zuwa Port Sudan da Dongola da Al-Ubayyid, manyan bas masu sanyi suna tashi daga tashar Mina al-Barri a kan lokaci. Ragowar ayari sai a lokacin salla, sa'ad da 'yan sandan hanya suke tara bas-bas su jera su, motar hukuma a gaba, don hana direbobi tsere.

Wannan ne zamanin da Turawan kulob ɗin kwale-kwale suka samu, kuma shi ya ba su damar mai da tambayar ta zama ta ra'ayi. Ko su ma hanya takan tilasta musu haɗuwa. Kafin a buɗe iyakar ƙasa tsakanin Masar da Sudan a 2014, sai ta jirgin ruwan Aswan zuwa Wadi Halfa, sau ɗaya a mako, motoci kuma a wani kwale-kwalen dako daban wanda kan iso bayan kwanaki. Dole baƙi su haɗa kuɗi su yi haya tare, su yi zaman jira tare. Takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan a 1997 ya sa katin banki na waje ba ya aiki, wanda dalarsa ta ƙare sai ya ranta a wurin maƙwabcinsa na zango. Ga rajistar baƙi cikin kwana uku, ga takardar izinin ɗaukar hoto, duk a bakin wanda ya riga ka ake jin yadda ake yi. Har 'yan wasan nan biyu na Birtaniya, Ewan McGregor da Charley Boorman, da suka ratsa Sudan a kan babura a 2007 ana nuna su a talabijin kamar su kaɗai ne a sahara, motocin ma'aikatansu suna biye da su.

Waɗanda suka zaɓi kaɗaici da gaske kuwa, kusan bakinsu ɗaya a kan Sudan ta kafin yaƙi: ƙasa ce da mutum zai kauce daga kwalta ya kafa tanti a bayan dalar Marawi ya kwana ba fargaba. Yabon ya dace, amma ya kamata a faɗi abin da ke ƙarƙashinsa. Randunan ruwa da ake jerawa a bakin hanya don mai wucewa, wani ne yake cika su kowace safiya. Makarantun allo na shehunai suna saukar da baƙo ba a tambaye shi sunansa ba. Da azumi, mutanen ƙauyukan da ke kan titin Khartum zuwa Madani sukan fito gab da magariba su tare hanya, su tsayar da mota dole, su zaunar da fasinja a tabarma a sha ruwa. Baturen da ke cewa ya keta Sudan shi kaɗai, da wani matashi ɗan Jos da ya isa Saudiyya a kan keke a ƙarshen 2022, duk a kan wannan ɗabi'a suka jingina, kuma ɗabi'ar ba don su aka ƙirƙire ta ba. Ƙarnuka na wucewar mahajjata da fatake ne suka gina ta.

Wannan duk hanyar arewa da gabas ce. Ta yamma, wadda kakanni suka biyo, tun 2003 ta fita daga hannun mai tafiya shi kaɗai. Da rikicin Darfur ya yi tsanani, motocin kaya daga Umdurman zuwa Nyala da Fashir suka koma tafiya a dogon jeri da rakiyar soja, abin da 'yan Sudan ke kira ɗauf. Mota takan yi kwanaki a tsaye tana jiran a cika a tashi. Gari ɗaya, ƙofa biyu: ta arewa baƙo yana zaɓar ko yana son abokin hira, ta yamma ɗan ƙasa ba shi da zaɓi.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, ƙofar arewa ma ta rufe. Faɗa ya tashi tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF, filin jirgin saman Khartum ya zama fagen daga tun ranar farko. Cikin mako guda birnin da mutum ke shiga shi kaɗai da akwati ya koma birnin da ba a fita sai a jeri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe ɗaruruwan ma'aikatanta da iyalansu a dogon ayarin motoci zuwa Port Sudan, tafiyar da ta ci kimanin awa 35. Ɗaliban Najeriya suka taru a harabar Jami'ar Afirka suna jiran bas. Ministan harkokin waje na lokacin, Geoffrey Onyeama, ya ce an kashe dala miliyan 1.2 wajen hayar bas 40. Rukunin farko ya tashi ranar 26 ga Afrilu zuwa iyakar Masar, kuma duk abin da tsofaffi suke faɗa a kan ayari ya dawo sabo: direbobi suka tsaya a tsakiyar sahara suna neman cikon kuɗinsu, aka yi kwanaki a bakin iyaka ana jiran izinin shiga, ruwa da abinci suka yi wuya, masu ɗan guzuri suka raba da marasa shi. Sai daren 3 ga Mayu mutum 376 na farko suka sauka a Abuja. Wasu daga cikin sauran kuma aka juya da su ta Port Sudan, hanyar kakanni.

Wasu ba su jira ba. Sun haɗa kuɗi uku-uku, huɗu-huɗu, suka nufi Gallabat a iyakar Habasha. Sun riga ayarin gwamnati barin ƙarar bindiga, amma da yawa sun maƙale a bakin iyaka ba biza, ba jami'in da zai tsaya musu. Wanda ya ce ga wanda ya yi daidai a cikin biyun, daga inuwa yake magana.

Bas-bas ɗin nan na masu fasfo ne. Jikokin mahajjatan ƙasa 'yan Sudan ne, gudun 'yan Sudan suka yi: a bayan motar kaya, gida guda har da tsofaffi, zuwa wurin dangi a Madani da Sinnar da Gadarif da Kasala, wato zangunan da aka kafa tun zamanin jaki. Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, suka sake ɗaura kaya. A can yamma kuma, mutanen Jinaina suka kwarara da ƙafa zuwa Adre, garin da mahajjaci yake bankwana da Chadi a da, suna bin hanyar a juye. Ko alhazan jirgin sama ba su tsira ba: rufe sararin samaniyar Sudan ya sa jiragen hajjin 2023 daga Najeriya suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗin kujera.

Soja ya karɓe tsakiyar Khartum a Maris ɗin 2025, mutane suka fara komawa. Daga Yulin shekarar aka sa jirgin ƙasa kyauta daga Alƙahira zuwa Aswan don masu son komawa gida, daga can bas-bas su kwashe su rukuni-rukuni da jerin sunaye. Hanyar yamma dai ta ƙara rufewa bayan faɗuwar Fashir a Oktoba. Iyalai da yawa kuma ba sa tasowa gaba ɗaya. Mutum guda suke fara turawa, yawanci saurayi ko magidanci, ya shiga unguwa ya duba ko gidan yana tsaye, ko an bar ƙofa da taga, ko famfo yana kawo ruwa, ko maƙwabta sun dawo, sannan ya nemi inda waya ke kamawa ya gaya wa sauran su taso ko su dakata.